Dunƙulen Hannun Balkisa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 9 ga Satumba 2025, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran ƙanwata Balkisa, matar Malam Sani, a gidanta da ke bayan kasuwar Filingue. Zazzaɓin damina ne ya kwantar da ita, irin wanda ke kama kowa ya sake shi, amma ita ya zo mata da ajali. An kai ta makwancinta kafin magariba, hatsi ya yi kai a gonaki, yara har sun fara gasa tumu.

Ni ne Magagi, wanta, tsohon direban motar kasuwa tsakanin Filingue da Yamai. Ban iya tsara magana ba, iyakata sitiyari da gardama. Amma bakina ya ƙi yin shiru.

Balkisa, har yau abin ya ƙi shiga kaina. Ni ne babba, ni ne mai ciwon sukari, ni ne wanda kowa ke tsayarwa a hanya yana tambayar ya jiki. Bara ma ni na kira ki na ba ki wasiyya, na gaya miki wa za a ba gonata ta fadama. Kika ce in rufe bakina in ci wake. To yau ga ni zaune kan tabarma ana yi mini gaisuwarki. Na san mutuwa ba ta bin layi, na sha gaya wa wasu haka a gidajen makoki. Da ta zo gidanmu sai na ga ashe da baki kawai na sani.

Kin tuna yadda abin ya faro. Rayuwar hanya ta saba mini da shayi mai kauri da burodi a tashar Baleyara, da shinkafa mai iyo cikin mai, a kora da lemon kwalba. Bayan rasuwar matata Haske sai abin ya ƙaru, don ba mai ce mini bari. Ƙishirwa ta kama ni kamar na haɗiye gishiri, fitsari ba iyaka, ido ya fara yi mini hazo a kan titi. Ƙusa ta soke ni a ƙafa, ciwon ya ƙi rufewa. Ina ta cewa gajiya ce. Ke kika zo kika tsaya a ƙofar ɗakina da mayafinki, kika ce ba za ki motsa ba sai na tashi mun tafi likita.

Majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya soki yatsana, ya dubi na'urarsa, ya dube ni, ya ce ciwon sukari ne. Ya ba ni ƙwayoyi, sannan ya yi bayanin abinci. Ya ce tuwo kada ya wuce dunƙulen hannu, sauran kwanon ganye da wake su cika shi. Jin haka na ɗaga dunƙulena sama ina murmushi, hannun da ya shekara da shekaru yana kwance tayar mota. Kika dube shi, kika dubi majo, kika ce, "Wanga ba hannu ba ne, turmi ne. Da nawa za a auna mishi." Majo ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce ya yarda.

Tun daga ranar kwanona ya koma gidanki. Kullum da rana da maraice sai ya zo a rufe. Kuma ba kya barin kowa ya zuba mini. Ke za ki tsuguna, ki yanki tuwon hatsi, ki dunƙule hannunki na dama ki ajiye kusa da shi, ki rage ko ki ƙara. Na sha tsayawa a kanki ina mita, ina cewa wannan ai abincin jinjiri ne. Sai ki ce in fara da kopto tukuna. Zogale ne dafaffe da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan yaji, kuma kin iya shi har ana aiko miki da ganye daga garaken Bonkoukou. In na gama da kopton, na bi da wake, kafin in kai ga tuwon ciki ya riga ya yi nauyi. Na daɗe ban gane cewa dabara ce ba.

Furata kika raba ta da sukari, kika bar mini nono da ɗan dawo. Na yi fushi da ke sati guda, ina amsa gaisuwarki da hanci. Ba ki kula ni ba. Kika bi ni har fadarmu, inda abokina Kailu ke dafa shayi tun muna samari, kika ce masa ya riƙa tsiyaya mini kofina kafin ya jefa sukari a buta. Kailu ya ce shayi ba sukari ai ruwan magani ne. Kika ce to magani ake so. Kika kuma hana ni kwanciya bayan tuwon dare, kika ce in bar masallacin ƙofar gida in riƙa takawa zuwa na bakin kasuwa don sallar isha'i. Na ce lada ɗaya ce. Kika ce ladar taku ta fi yawa, in tambayi liman. Na tambaye shi, ya ba ki gaskiya, na ji haushi.

Ƙafata ta warke. Idona ya washe. Na koma ina ɗaura wando ba tare da numfashi ya tsaya ba.

Ba ni kaɗai kika yi wa haka ba. Matan unguwa sun san ƙofarki. Mai kumburin ciki ki ce ta jiƙa wake ya kwana, ta zubar da ruwan, sannan ta dafa. Wadda bayan gida ya ƙi mata ki ba ta jiƙon tsamiya, ki ce ta yawaita miyar kuɓewa da kuka, ta sha ruwa ba sai ƙishirwa ta kama ta ba. Mai ƙwannafi ki ce ta rage mai da yaji, ta daina kwanciya da tuwo a wuya. Ba ki taɓa kiran kanki mai magani ba. In abu ya wuce kwana biyu, ko kika ga ido ya faɗa, sai ki ce likita, har ki raka mutum. Ranar da wani mai lasifika ya zo kasuwa da jarkoki yana rantsuwa maganinsa na kashe ciwon sukari har saiwa, na saya na ɓoye a aljihu. Kika gan shi, kika tambaye ni ko na sha ƙwayata ta safe, kika juye kwalbar a gindin bishiyar bedi ina kallo.

To duk wannan ne ya sa na ruɗe, Balkisa. Ke da ba ki sa sukari a baki, ke da ganye ba ya yanke miki, ke kika riga mu.

Kin san al'adarmu. Gidan makoki ba ya ɗora tukunya, maƙwabta ke kawowa, kuma abin da aka kawo ba a mayar da shi. A nan ƙasarmu ta Kurfey ba mu iya doguwar magana ta lallashi ba, tausayinmu a kwano yake. Wadda ta fi jin mutuwarki ita ta fi cika nata. Shinkafa, makaroni, masa, fura ta sha sukari har tana ɗanko. Kuma kowace sai ta ce a ajiye gaban Magagi, shi ne babban mai rashi. Latifa maƙwabciyarki ta tsaya a kaina tana hawaye tana cewa, "Ci, Magagi. Mi kaka jira? Wa ya rage ya ba ka?" Na ci don kada in kunyata ta. Na ci na wadda ta biyo bayanta. Kafin kwana uku ƙishirwar nan ta dā ta dawo, hazon ya sauko mini a ido. Na tsorata na daina ci gaba ɗaya, sai jiki ya kama rawa, gumi ya keto mini a sahun sallah har aka zaunar da ni.

Masu gaisuwa kuma kowa da nasa ilimin. Wannan ya ce hatsi ne ke kashe mai sukari, in koma alkama. Wancan ya ce zuma ba ta cikin lissafi, in sha yadda nake so. Wani ya kunna mini murya a waya, wani malami na cewa duk abu mai ɗaci magani ne. Ina ta waiwaye in ga fuskarki, don da harara ɗaya kike raba mini gaskiya da shirme.

Sai Kailu ya ƙarasa ni. Yana dafa wa masu zaman makoki shayi, ya miƙo mini kofi, na kurɓa na ji zaƙi har ƙwaƙwalwa. Na dube shi. Idonsa ya yi ja, ya ce, "Sha abinka, Magagi. Wadda ba ta shan sukari ta tahi, mu da muka sha muna nan. Mi anka yi ke nan?" Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ma kuka yake yi ta hanyarsa. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji, don ni ma ita nake tambayar kaina. Na riƙe kofin har ya huce, ban sha ba, ban kuma ajiye ba.

Bayan addu'ar bakwai mutane suka watse, kwanoni suka daina zuwa. Husaina, babbar ɗiyarki da ke aure a can unguwar gabas, ta zo ta durƙusa ta ce ita za ta ɗauki kwanona. Ta ce kopto ta iya, wake ta iya, amma ba ki taɓa barin ta ta zuba mini tuwo ba. Ta ce, "Kawu, kamar yaya Inna taka sa maka?"

Na buɗe baki na ce dunƙulen hannunki. Ta ce to yaya girmansa? Wallahi Balkisa sai na tsaya. Hannun da na sani tun kina rarrafe, wanda nake gani kullum gefen kwanona, aka ce in kwatanta na kasa. Na haɗa yatsuna na nuna, na ga ya yi yawa. Na rage, na ga ya yi kaɗan. Malam Sani ya gwada, shi ma ya sunkuyar da kai. Latifa ta dunƙule nata, muka ga ba shi ba ne. Ya zama mun binne ma'aunin tare da ke, ba wanda ya yi tunanin haka sai da aka zo zuba tuwo. Abin dariya ne in an ba da labari, tsofaffi sun kewaye tukunya suna dunƙule hannu kamar 'yan dambe, amma ba wanda ya yi dariya.

Husaina ta gaji da jiranmu. Ta tsuguna ta yanki tuwo ta sa a kwano, ta ce bari ta gwada da nata, in bai yi ba a sake. Ta dunƙule hannunta ta ajiye gefen tuwon. Sai na ga ƙaramin yatsanta ya ƙi shiga, ya ɗan karkace waje. Haka naki yake yi. Haka na mahaifiyarmu yake yi, har muna yi mata tsiya muna yara. Husaina ta girma a gabana, ta yi aure ta haihu, ban taɓa duban hannunta ba sai ranar. Ta ɗan rage tuwon da gefen mara, ta ɗago ta ce, "Ya yi, Kawu?"

Na ce ya yi kaɗan, abincin jinjiri ne. Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Ta ce in fara da kopto tukuna. Daga nan ban ƙara ganin kwanon ba don hawaye, amma na cinye.

Tambayar Kailu har yanzu ban warware ta ba, kuma na daina tsammanin zan warware. Ba ki taɓa ce mini ganye na hana mutuwa ba. Abin da na sani shi ne da ƙafafuna biyu na taka na raka ki maƙabarta, har da wadda ta so ruɓewa, kuma da idona na ga inda aka sa ki. Jiya na koma fada na ce wa Kailu ya tsiyaya nawa kafin sukari. Ya ɗauki buta ya tsiyaya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Sani, wanda ya yi haƙuri da rabon tukunyarsa da ni ba tare da ya taɓa ɓata fuska ba. Ina yi wa Husaina da ƙannenta, da Latifa da matan unguwa da suka rasa ƙofar da suke bugawa, da dangi na Filingue da Bonkoukou da Yamai. Waɗanda suka cika mini kwano, Allah Ya saka muku, na san ƙauna ce. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Ke kuma Balkisa, Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya yalwata kabarinki Ya haskaka shi. Allah Ya shayar da ke daga tafkin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, Ya ciyar da ke abincin Aljanna inda ba a aunawa. Ranar da za a raba wa bayi takardunsu, wannan hannun na dama mai karkataccen yatsa, wanda ya yi ta rage mini tuwo ina mita, Allah Ya sa da shi za ki karɓi taki. Amin.