Ramuka Uku a Gefen Gadon Baba

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, abu guda ya roƙe ni, shi da bai iya roƙo ba. Yana da wani tsohon kaset da aka ɗauka wurin gayya tun ina goye, inda makaɗin noma na ƙauyenmu ya wasa shi har sau uku cikin waƙa guda. Makaɗin ya rasu, rediyon da ke cin kaset ɗin ta riga shi. Baba ya ce yana so ya riƙa jin waƙar nan tunda ƙafa ta daina kai shi gona.

A lokacin ina aiki a wani buro, wato ofis, a Gazawa, ni ke kula da kwamfutoci uku da firinta ɗaya mai taurin kai, kuma wannan ya ishe ni in riƙa tafiya kamar ni na ƙera su. Da na zuba waƙar a waya na miƙa masa, da an wuce wurin. To kunnen Baba ya yi nauyi, yatsunsa ba sa iya shafa gilashi, ni kuma, in zan faɗi gaskiya, ina so a ce ɗan wane ya haɗa inji da hannunsa.

Na sa aka kawo mini wata 'yar kwamfuta daga Maraɗi, faifai guda tsirara da bai fi tafin hannu ba. Sautin da take fitarwa da kanta cike yake da ƙara kamar ana suyar ƙosai, don haka na haɗa mata wani ɗan akwati mai girman kwalin ashana, wanda ake soka wa a ramin USB. Aikinsa ya karɓi waƙar daga kwamfutar ya miƙa wa lasifika tas. Baba ya saurari bayanina har ƙarshe, ya ce ashe tafinta ne, sunan kuwa ya bi shi. Na ɗora pano mai kama hasken rana a kan rufin ɗaki, na ajiye batir a ƙarƙashin gado, na shirya ta yadda da an kunna waƙa za ta tashi da kanta. Ramuka huɗu ne a jikin faifan. Tafinta ya ɗauki ɗaya, sauran ukun ban ko dube su ba.

Ranar da aka fara kunnawa, makaɗin na ambaton Baba sai hannunsa mai lafiya ya ɗaga yana saran iska kamar ya riƙe hauya. Na ji daɗin da ban taɓa jin irinsa ba. Na koma Gazawa hanci a sama.

Kwana huɗu aka yi Inna, mahaifiyata, ta kira ni.

"Abin ga naka ya yi shiru."

Ƙauyenmu yana bayan Gangara. Babur ɗina kuwa salansarsa ta daɗe da fashewa, tun daga bakin gonaki kowa ya san na taho. Na tarar da ɗakin Baba cike da 'yan gaisuwa, dattawa a jere kan tabarma, hannuwa a kan gwiwa, ana ta “Allah shi ƙara sauƙi”. Kawu, ƙanen Baba, ya tashi ya ba ni wuri yana cewa injiniya ya iso. Na jona kwamfutata na tambayi faifan abin da ke jikinsa. Ya lissafo komai, babu tafinta, alhali ga shi a soke ina kallonsa da idona. Na kashe na kunna, tafinta ya bayyana, waƙa ta tashi. Aka yi ta sa mini albarka.

Bayan mako guda Inna ta sake kira. Haka muka yi ta yi tun bazara har damina ta kankama.

Babu abin da ban zarga ba. Na canza igiyar tafinta sau uku, har da wadda wani ɗan kasuwa ya rantse mini daga ƙetaren iyaka ta zo jiya. Na sake katin da waƙar ke ciki. Na karanta cewa faifan kan rikita lambobin na'urorin sauti, na shiga na rubuta masa sunan tafinta baƙi da baƙi don kada ya sake ɓatan kai. Na ƙarar da katin waya wajen karanta shawarwarin mutanen ƙasashen da wutarsu ba ta taɓa ƙiftawa ba. Faifan yana ajiye tarihin duk abin da ya same shi, kuma a ciki na ga yana kukan wuta ta yi masa ƙasa, sai na hau rufi na wanke pano, na sake batir. Har wasu baƙin sunaye na gani suna shiga suna fita a tarihin. Da yake ni mai ilimi ne, na yanke hukuncin tafinta ne ya fara zaucewa yana manta sunansa.

Kawu ma yana da nasa binciken. Ya ce tsamiyar bayan gida ba ta son kiɗa. Wata rana ya ce wataƙila mamacin ne bai yafe a riƙa sa shi waƙa ba hutu ba. Yana faɗa yana shafa aljihun rigarsa, ban kawo komai a raina ba.

A zuwa na bakwai ko na takwas raina ya ɓaci. Na sha rana, na sha yashi, ga kunya ta ishe ni. Na dubi Baba a gaban mutane na ce, "Baba, kai ne kake jan igiyar ga da hannu. In ba ka daina taɓa ta ba, ni na gaji."

Ya juya fuska bango. Kawu ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Haƙuri za ka yi, tsuhwa ne." Sauran suka gyaɗa kai cike da tausayi.

Abin da karatuna ya kasa, sarƙar babur ta yi shi. Ranar kasuwar Gangara sarƙar ta tsinke mini, na bar babur wurin mai gyara, na hau amalanken wani makiyayi da ke komawa wajenmu. Shanu ba su da salansa. Na shiga gida bayan la'asar ba wanda ya ji tahowata.

Ramukan nan uku kowanne da igiya a ciki, kowace igiya da waya a bakinta, sun kama ɗan faifan kamar 'yan awaki a jikin uwa. Wasu wayoyin huɗu na jere kan tabarma suna jiran layi. Ta Kawu ce a ramin tsakiya. Ta gefe kuwa ta Inna ce, ita ɗin dai da ake kirana da ita a ce mini abu ya yi shiru. Wutar da faifan ke rabawa 'yar kaɗan ce, wayoyi suka shanye ta, tafinta ya suma, kuma ba ya farfaɗowa sai an kashe an kunna. Da sun ji kukan babur sai kowa ya zare tasa ya koma ɗan gaisuwa.

Ban tuna duk abin da na faɗa ba, na dai san ban rage wa kowa ba. Kawu ya ce shi wallahi gani ya yi ramin na zaune banza. Ɗaki ya watse, kowa da uzurinsa. Na samo salatif na liƙe ramukan ukun, ninki biyu-biyu.

"Ɓare shi," in ji Baba.

Na ce, "Baba, su ne suke kashe maka waƙa."

"Na sani tun ran hwarko. Ƙahwata ce ta mutu, idona lahiya lau yake. Kahin ka kawo abin ga, sai in kwana ukku ban ji sallamar namiji ba. Yanzu tun hantsi ɗakin ga cike yake."

"Ai ba don kai suke zuwa ba, don caji ne."

"Wannan ma na sani. Kai mi ke kawo ka?"

Kafin injin nan daga salla sai salla nake zuwa gida. Kunya ta rufe ni, ga maganar da na yaɓa masa a gaban ƙanensa tana nan ban janye ba. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na ɓare salatif.

Mako na gaba na zo da wani akwatin caji mai baki shida, na ja masa wuta kai tsaye daga batir. Na so in kafa shi a zaure, Baba ya ce a'a, nan gefen gadonsa. Kawu ya yaba aikin ƙwarai, ya ce ga dukkan alamu tsamiya ta haƙura. Daga ranar tafinta bai sake ɓacewa ba, waƙa na tashi, wayoyi na cika, Inna ta daina kira. Ni kuma, bayan duk kunyar da na ce na ji, sai da na yi wata biyu cur ban taka ƙauyen ba. Aiki ya yi yawa, haka na riƙa gaya wa kaina.

Ana cikin yankan gero wayata ta yi ƙara.

"Abin ga naka ya yi shiru," in ji Inna.

Na je. Igiyar na nan tana reto, babu tafinta a bakinta. Da na sunkuya gaishe da Baba na hango gefen tafinta ya leƙo daga ƙarƙashin matashin kai. Baba na kallon rufi abinsa. Na zauna a bakin gadon, na buɗe kwamfutata, na ce masa wannan karon gyaran zai ɗau lokaci, sai dai in kwana.