Kunnen Baba Jimoh

Babanmu Jimoh shekara arba'in ya yi yana yankan gilashi mai launi a wani ɗan shago a Sabon Gari. Tagogin masallatai, na coci, na gidajen alhazan Kantin Kwari, duk ya yi. Fure, ganye, jinjirin wata, kome ka zana masa a takarda zai fitar maka da shi.

Shi da kunne yake zaɓen abin yanka. In zai saya, sai ya tafi da guntun gilashi a aljihu, ya ja kowanne a kai yana saurare. Mai kyau ƙararsa siririya ce ba katsewa, kamar ana keta sabon yadi. Masu sayarwa ba sa son ganinsa, wallahi, don sai ya gwada ashirin kafin ya ɗauki ɗaya.

To, janaretocin maƙwabta suka cinye masa kunne. Mun sani a gida, shi ma ya sani, amma wa ya isa ya faɗa? Taurin kai gare shi na bala'i.

Bara Celestine, mai kula da wata coci, ya kawo jan gilashi, ragowar tsohuwar tagarsu, irin wanda ba a samu yanzu. Harsunan wuta yake so a yanka masa. Ya ce in aikin ya yi kyau, gyaran sauran tagogi shida na Baba ne. A lokacin wata takwas ke nan ba wanda ya kawo wa Baba aikin kirki.

Ranar aikin na kai masa abincin rana, na tarar Celestine na tsaye yana kallo, Baba ya zaɓi abin yanka mai ƙaramin kai, na yankan lanƙwasa. Ya ja layi. Ni daga bakin ƙofa na ji ƙarar tsaf, shi kuwa bai ji ba. Sai ya ɗauka bai ci ba, ya sake bin layin. Innalillahi! Ko ni da ban iya sana'ar ba na san ba a bin layi sau biyu, tsagar bin inda ta ga dama take yi. Yana sa filaya gilashin ya rabe gida uku.

Celestine ya tattara gutsattsarin a jarida. Baba bai dube shi ba, ni ya kalla.

"Mulikat, na farkon ya yi ƙara?"

Na ce, "Ya yi, Baba."

"Me kika ce?"

Na tausaya masa, amma ba yadda na iya. Dole na ɗaga murya a gaban baƙo, har mai shagon kusa ya leƙo, na sake faɗa masa.