Hannun Na'iya Wanzami

Shekara talatin da biyu ina riƙe wa Na'iya yara in zai yi kaciya, don haka kada wani ya ce zai gaya mini halinsa. Wanzami ne ɗan wanzami, haifaffen Sanyinna. Yana saurayi ya so bin motocin gero zuwa Tambuwal, ubansa ya rataya masa zabira, ya ce gado ba riga ba ce balle a tuɓe. Bai sake tayar da maganar ba. In ɗari ya shigo gida-gida ake kiransa, har ƙauyukan Kebbe. 'Ya'yansa maza biyu kuwa, ɗaya yana kabu-kabu, ɗayan ko jinin kaza ba ya iya kallo.

Da damina hannunsa na dama ya soma rawa. Ni kaɗai na lura, don ni ke ganin fura na zuba daga ludayinsa. Na ce, "Na'iya, aje askar ga." Ya ce, "Almu, in ce ma mutane mi? Ran da anka ji hannuna na rawa, ko gemu ba a ƙara ba ni in aske. Mi iyalina za su ci?"

Ɗarin bana sai ga Ɗangiwa, wani maƙwabcinmu, da ɗansa Shafi'u ɗan shekara bakwai. Na yi juyin duniya ya kai yaron asibiti. Ina! Wai askar gidan su Na'iya ta yi wa kakansa, ta yi wa ubansa, ta yi masa, ba zai sauya wa ɗansa hannu ba.

Da safe aka zaunar da yaron bakin rami a bayan gida. Ɗangiwa ya koma zaure, don uba ba ya tsayawa kallo. Na zauna bayan yaron na harɗe ƙafafunsa da nawa. Na'iya ya zaro aska, wallahi kaɗawa take kamar ganyen dawa. Ya dube ni. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a idon babba ba. Na miƙa hannu na cafke wuyan hannunsa na riƙe gam. Haka muka yi kaciyar nan mu biyu.

Allah ya rufa asiri, yaro ya warke sumul. Na ce to, daga wannan an rufe. Na'iya ma ya rantse an rufe.

Ashe Ɗangiwa, sarkin surutu, kasuwa-kasuwa ya bi yana yabon Na'iya, wai tsufa bai taɓa hannunsa ba. Jiya Na'iya ya iske ni a gona, ya tsuguna, ya kasa duban idona. Ya ce an aiko daga Kebbe, yara tara ne, ranar Asabar.

Ya ce, "Almu, kana zuwa?"