Hodar da Ba Ta Jin Ruwa

Ni dai hoto na je nema ƙauyen nan. Hoto ɗaya tak na amarya ta gaske, da lalle a hannunta, da fuskar da ni na yi mata. Duk wadda ta taɓa neman aikin kwalliya a Gumel ta san zancen. Kafin a tambayi sunanki an ce, "Turo mana hoton amaren da kika yi." Ki tura fuskar ƙanwarki, a ce ai wannan ba amarya ba ce. To a ina zan samo amarya, in ba wata ta yarda ta zama ta farko ba?

Da na gama sakandare zaman gida ya ishe ni. A waya na koyi kwalliya, ina kallon bidiyo ina tsayarwa, ina gwadawa a fuskata, ina gogewa, har Mama ta ce wata rana zan goge girar gaba ɗaya in huta. Matsalar kayan aiki ce. Masu sunan nan da manyan masu kwalliya na Kano ke amfani da su, ko farashinsu ba na tambaya. Na kasuwar Maigatari kuwa, na taɓa sayen wata hoda mai rubutun Faransanci a jiki, ta feso min ƙuraje har sai da na yi ta yawo da niƙabi kamar wata ustaziya.

Sai wasu sababbin kaya suka fara yawo a waya. Duk bidiyon da ka buɗe, wata yarinya ce ke shafa su tana juya fuska. Ga arha, ga launuka har da na baƙar fata irin tawa, ba irin hodar da ke mayar da mutum kamar ya faɗa buhun fulawa ba. A jikin kowace kwalba akwai hoton ɗan ƙaramin zomo. Matar da ke sayarwa a Kano ta turo min saƙon murya, ta ce ma'anarsa ba a gwada kayan a kan dabba ba, ba a ɗiga wa zomo a ido ba, ba a shafa wa ɓera ba. Ni har ga Allah ban taɓa sanin ana ɗiga wa zomo hoda a ido ba. Amma abin ya yi min daɗi, ko ba komai na samu abin faɗa in an tambaye ni me ya bambanta kayana. Ta ƙara da cewa fandeshan ɗin, wato man da ake fara shimfiɗawa a fuska kafin hoda, ba ya jin ruwa, ba ya jin gumi. A garin da zafin bazara ke narkar da jan baki a cikin jaka, wannan maganar ce ta saye ni. Ta ba direba, na je tasha na karɓa.

Amaryar da na samu ƙawata ce, ajinmu ɗaya a sakandare, gadonta na saman nawa. Fulani ne, ƙauyensu na gaba da Sule Tankarkar. Da aka sa ranarta na kira ta na ce, "Ke, ni zan yi miki kwalliya, kuma ba na son musu." Ta ce ita dai kar in sa mata gashin idon nan mai kama da tsintsiya. Na ce na ji.

Ranar wunin biki na shiga mota da jakata a cinya, ban yarda an sa ta a but ba. Daga inda mota ta ajiye ni na hau mashin. Daren jiya babu wuta a unguwarmu, saboda haka da rabin caji na fito, a hanya kuma na sake kallon bidiyon gira saboda hannuna ya zauna. A ƙauyen ma waya sai neman sabis take yi tana shan cajinta. Ban kula ba, hankalina na kan fuska.

Na samu amarya a ɗakin goggonta, ƙanwar babanta, wadda ita ce mai iko da ita a duk kwanakin bikin. Ita ta yi mata dilka, ita ta turara ta, ita ke cewa wa zai shiga wa zai fita. Tsohuwa ce siririya, mai tsaga a gefen baki, idonta kamar na mai duba shanu a kasuwar kara. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon jakata.

"'Yar Gumel, buɗe mu gani."

Na jera kayan a kan tabarma. Ta ɗauki kwalbar fandeshan, ta kai ta kusa da ido.

"Wannan zomo ne?"

"Zomo ne, Goggo."

"Da kitsensa aka yi?"

"A'a, Goggo. Nufinsu ba su cutar da dabba ba wajen yin sa. Ba su gwada a jikin zomo ba, ba su gwada a jikin kowace dabba ba."

Ta juya kwalbar a hannunta. "To a jikin wa suka gwada?"

Ƙawayen amarya da ke cike da ɗakin suka fara ƙunshe dariya. Na ce ai akwai na'urori, akwai hanyoyin zamani.

"Wato sun ji tausayin zomo, sai 'yata za a gwada wa? Mu ko maganin tsutsa aka kawo mana sabo, akuya ɗaya muke fara ba wa, ba ma ɗura wa garke. Miƙo kuncinki. Yau ke ce zomon."

Haka ta lakato da yatsa ta dangwala min a kunci. Ita amarya fara ce, ga ta sha dilka da kurkur, launin da na zaɓo mata ke nan. Ni kuwa baƙa ce wuluk. Sai ga ni da tabo fari ƙal a kumatu, 'yan mata na ta faɗuwa a kan juna. Raina ya ɓaci, amma na ce bari in mayar da abin talla. Na ɗauki buta na zuba ruwa a hannu na watsa wa kuncin, na murza. Tabon bai motsa ba. Ruwan ya gangare kamar a jikin leda.

"Kun gani?" na ce. "Ko za ta yi gumi har magariba, ko za ta yi kukan rabuwa da gida, ba abin da zai same shi."

'Yan mata suka ce kai, wannan kaya ne. Ban da Goggo. Ta dai kalli kuncina ta daɗe, sannan ta fita. Ni a zatona na burge ta.

Duk mai kwalliya ta san ƙa'idar aiki a ƙasar nan: amarya ta yi alwala tukuna, ta yi azahar, sannan a fara, ta riƙe alwalarta har la'asar, in da hali har magariba. Na faɗa wa ƙawata wannan, ba sau ɗaya ba. Na ce kar ta ci, kar ta sha, kar ta kishingiɗa barci ya ɗauke ta. Ta ce to. Ta yi alwala, ta yi salla, ta zauna a gabana a bakin ƙofa inda haske yake.

Ba yabon kai ba, ban taɓa yin aiki irin na ranar ba. Fandeshan ɗin ya kwanta a fatarta kamar da shi aka haife ta. Girar ta fito daidai, hagu da dama, abin da ya sha ba ni wahala. Na sa mata ruwan zinariya kaɗan a fatar ido saboda ya shiga da leshinta, jan baki mai duhu, ban sa gashin ido mai tsawo ba. Da na ɗaura mata ɗankwali duk ɗakin aka zuba mata ido. Ita kanta da ta kalli madubi sai ta rufe baki da hannu, na buge hannun.

Na zaro waya. Fuskarta baƙa ƙirin. Na danna, na sake dannawa, na jijjiga ta kamar hakan zai yi wani abu. Na ce wa ƙawayen wa ke da waya mai kyamara? Ɗaya tata ƙarama ce mai tocila. Ɗaya gilashin kyamararta ya fashe, duk hoton da ta ɗauka kamar a cikin hayaƙi. Mai babbar wayar kuma ta tafi ɗauko masu kiɗan ƙwarya. Aka ce akwai mai cajin sola a bakin kasuwa. Na ce wa amarya, "Ki zauna nan kamar an dasa ki. Yanzu zan dawo."

Na tafi da kaina don ban yarda in ba kowa wayata ba. Rana kamar ta fasa kai, yashi na shiga takalmina, duk wanda na wuce sai ya kalli kuncina. Mai cajin ya ce duk ramukansa a cike suke, biki ake. Na ce ya cire ta wani. Ya ce ta wa? Na ce ta kowa. Ya kalle ni, ya kalli tabon, ya ce, "Hajiya, ciwo ne?" Na ce ba ruwansa. Da ƙyar ya sa min. Na tsaya a kansa ina kallon wayar tana shan wuta kamar mara lafiya na shan koko. Ina nan tsaye aka kira la'asar. Na ce madalla, tana da alwala. Da wayar ta ɗan farfaɗo na fizge ta na kama hanya, har da ɗan gudu.

Tun daga zaure na ji ƙamshin man shanu.

Amarya na zaune a kan sallaya, ta idar da salla, fuskarta na ƙyalli kamar an soya ta. Babu gira, babu zinariya, babu komai. Gefe ga ƙwarya da tsumma, tsumman ya koma launin aikina.

"Me ya faru?" Ban ma san da ƙarfi na faɗa ba.

Ta ƙi kallona. Wata daga cikin ƙawayen ta ce zafi ne ya dami amarya, aka kawo zoɓo mai ƙanƙara daga gidan maƙwabta, ta ce kurɓa ɗaya za ta yi. Ta shanye kofi, ta ƙara. Sai fitsari ya matse ta.

"Ba na ce kar ki sha ba? Ban faɗa miki ba?"

"Wallahi maƙogwarona ne ya bushe," ta ce, kamar za ta yi kuka. "Na ce zan yi alwalar a hankali a kai, Goggo ta hana."

Goggo na zaune a bakin gado tana goge yatsunta. "Da idona na ga ruwa na gudu a kuncinki, ke kika nuna mana. Abin da ruwa bai ratsa shi, ina alwala a kansa? Ranar da za ta shiga gidan miji ce za ta fara da salla ba alwala? Mun sa sabulu ya ƙi, mun sa toka ya ƙi. Man shanu ne ya fitar da shi. Kayanki na da kyau, 'yar Gumel, ba ƙarya. Sun yi taurin kai irin naki."

Me zan ce? In ce kar ta yi salla? Ba zan faɗa ba, kuma ban ma yi tunanin haka ba. Abin da ya ƙona min rai, a jira ni mana. La'asar ba gudu take ba. Minti nawa ne daga bakin kasuwa? In ɗauki hotona, sannan ku wanke ta da man shanu, ku wanke ta da man gyaɗa ma in kun so. Na faɗi haka, a ɗan tausashe saboda tsohuwa ce. Ta ce ita ba ta san hoto nake nema ba, ta ɗauka kwalliya na zo yi.

Na ce a kawo ruwan ɗumi in sake. Muka wanke, muka goge, amma man ya riga ya shiga fata. Duk inda na shafa fandeshan sai ya zame ya taru a gefen hanci. Ɗan abin da ya rage a kwalbar ma ba yawa, don ƙarama na saya. Ina cikin fama aka ce motocin dangin ango sun iso daga Gagarawa, kuma ba za su yi dare a hanya ba. Goggo ta ture hannuna, ta zizara mata kwalli, ta lulluɓe ta da mayafi. Ni ma da man shanun na goge kuncina, a bayan ɗaki, ina ƙunƙuni.

Hotunan da suka fita na dangin ango ne, da manyan wayoyinsu masu walƙiya. Goshin amarya na ta ƙyalli a kowanne. Ita kuma, don ta wanke laifinta, ta ɗora ɗaya a sitatus ta rubuta sunana a ƙasa, wai godiya ga ƙawata mai kwalliya, Allah ya bar zumunci. Kafin in gani in kira ta in ce ta cire, duk 'yan ajinmu sun gani. Akwai wata a unguwarmu da muka fara maganar bikinta, har ta ce in riƙe mata rana. Ta turo min hoton da tambaya, "Wannan aikinki ne?" Na yi mata bayani mai tsawo, da zoɓon, da cajin, da man shanun. Ta turo "Allah sarki." Wata daban ce ta yi mata kwalliyar bikin.

Na kira mai kayan a Kano na zazzage mata. Ta saurara har na gama, sannan ta ce ai akwai ruwan gogewa na musamman, shi ma mai zomo ne, in tana da lambar direba gobe zai iso. Na kashe wayar.

Da ƙawata ta zo ganin gida, a hanyar komawa ta biyo ta Gumel da saƙo daga Goggo: man shanu a ɗan kwano mai murfi. Wai a ba 'yar Gumel, saboda in za ta yi wa ƙanwar amarya kwalliya baɗi, ta zo da abin gogewarta. Na ce ta gaya mata na ji, kuma zan zo, amma wayata a cike, kuma kofin zoɓo ko ɗaya ba zai shiga ɗakin ba sai na ɗauki hotona. Baɗi dai da nisa. Jiya ma wata ta yi min magana daga Maigatari, ta ce in turo hoton amaren da na yi.