Akwatin Don Fortunato da Ƙofar Kakanni

Don Fortunato Ccahuana kafinta ne a wani ƙauye can saman duwatsun Peru. Rabin mutanen da ke kwance a maƙabartar garin shi ya sassaƙa musu akwatin gawa. Da ya cika saba'in da biyar sai ya ce lokaci ya yi da zai yi nasa, don ba ya son ya kwanta cikin aikin wani.

Damina ce, saboda haka a cikin ɗaki ya yi aikin. Gidan kuwa na kakanni ne. Duwatsu ne aka jera su ba laka ba siminti, ko allura ba ta shiga tsakaninsu. Ba taga sai wata kafa, ƙofar kuma gajera, ƙasanta da faɗi, samanta a tsuke. Shekarun baya gwamnati ta manna wa bangon allon ƙarfe, ta ce kayan tarihi ne, ko tsakuwa kada a taɓa.

Ya yi akwatin yalwatacce, wai ya gaji da matsi a duniya. Ran da ya gama, ya kira amininsa Don Melitón su fitar da shi. Suka gwada a kwance, suka gwada a karkace. Akwati ya ce bai san zancen ba.

Matarsa Doña Asunta tana bakin murhu, ko juyowa ba ta yi ba.

"Shekara hamsin kana auna gawar mutane, tsoho, ka kasa auna ƙofar gidanku?"

"Yi mini shiru, tsohuwa. Dutse ɗaya zan zare."

Ya gangara birni neman izini. Wata ma'aikaciyar gwamnati ta saurare shi tsaf, ta ce, "Baba, ka rage akwatin mana."

"'Yata, ni zan kwanta ciki ko ke?"

Ta dai hana. Wata uku akwati na tsakar ɗaki, kowa na buga ƙauri a jikinsa. Tsoho har ya rame, yana tunanin za a fitar da shi a naɗe cikin bargo kamar buhun masara.

Da rani ya shigo aka kira gayyar sabunta jinka, abin da doka ba ta hana ba. Aka yaye tsohuwar ciyawa, ɗaki ya buɗe wa sama. Don Melitón, da ya riga ya sha giyar masara, ya leƙo daga bisa bango.

"Aboki, ga babbar ƙofa nan! Ko wannan ma ta yi maka kaɗan?"

Aka ɗaura igiya, ƙarti shida suka ja. Masu wucewa suka hango akwati na lilo a sama, suka cire huluna, wata ta fara kuka, sai ga mamacin a ƙasa yana ihu kada a kankare masa fenti.

Aka ajiye akwatin a rumfa. Kafin mako Doña Asunta ta cika shi da busasshen dankali.

"In ka tashi mutuwa," in ji ta, "ka ba ni kwana biyu in kwashe."