Sandar da na bayar da wuri

Jama'a, wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, da ni ya faru, kuma Allah ne shaidata. Lokacin sojojin da suka je yaƙin duniya a ƙasar Bama ba su daɗe da dawowa ba, ina saurayi ɗan Kano mai ji da kansa, na samu aikin tsaron shinge a hanyar mota tsakanin Nguru da Gashuwa.

Akwai inda hanyar ta ratsa fadama, an ciko ta da ƙasa wajen mil uku, siririya ce mota ɗaya take ɗauka, ruwa dama da hagu, ga kwana a tsakiya inda itatuwa suka rufe ba ka hango mai zuwa. Shi ya sa aka kafa shinge a kowane baki, ni a ɓangaren Nguru, wani dattijon Bade, Baba Maina, a ɓangaren Gashuwa. Sanda ɗaya gare mu mai jan ƙyalle. Wanda take hannunsa shi ke sakin motoci, in ya zo kan ta ƙarshe ya miƙa wa direbanta ya kai wa na can.

Ranar tsakiyar kakar gyaɗa ce, tun asuba motoci ke kwararowa, ban karya ba, ban ko zauna ba. Direbobi kuwa kun san halinsu, kowa shi ne mai sauri, wannan ya danna hon, wancan ya leƙo ya ce mini ɗan birni ba ka iya aiki ba. Bayan azahar na saki bakwai, na ba ta bakwan sanda, sai faɗa ya kaure tsakanin wasu biyu a kan layi, na shiga rabo har aka yaga mini riga. Ina cikin haka wata mota ta iso cike da mata masu komawa Gashuwa daga kasuwa, direban yana ta roƙo. Wallahi a raina sandar tana jingine inda na saba ajiye ta. Na ɗaga masa shinge ya wuce.

Sai da na juya in ɗauko ta in ba wa na bayansa na ga wayam. Na san zuwa lokacin sandar ta kusa hannun Baba Maina, kuma manyan motoci cike da buhunan gyaɗa ke jiransa, irin waɗanda in sun taho birki ba ya jin magana. Na saki shingen na bi hanyar da gudu ina ihu, kamar mutum zai kamo mota da ƙafa. Ina gudu ina kuka, ina jiran in ji ƙarar karo. Na wuce kwanar ban ga komai ba.

Da na isa, numfashi ya kusa ɗauke mini, na tarar motar matan ta fita lafiya, Baba Maina yana tsaye riƙe da sanda, shingensa a rufe, direbobin gyaɗa sun yi masa caa. Na durƙusa na ce, "Baba, me ya hana ka sakin su?"

Ya ja ni gefe ya ce, "Kai yaro, ba kai ka hana ni ba? Ana ba ni sanda na kama shinge zan ɗaga, ka dafa mini hannu. Kai ne, har tabon nan na goshinka, sai dai gemunka fari fat. Da Badanci ka ce mini in dakata saura ɗaya, uwar 'ya'yanka tana ciki. Na waiga in tsayar da direba, na juyo ba ka nan."

Ni a lokacin ko gaisuwa ban iya da Badanci ba, gemu kuwa babu, balle mata. Bawan Allah bai kai ƙarata ba, ya dai ce yunwa da gajiya ne, ya ba ni gasasshen kifi, muka bar maganar a tsakaninmu.

Bayan shekara huɗu na auri Fanna, 'yar Bade ce daga Gashuwa, kuma wallahi ban taɓa ba ta labarin ba. Sai da muka haifi na biyu, wata rana muna cin tuwo tana dariya take ce mini ai ta daɗe da sanina, ni ne mai gadin nan mai yagaggiyar riga da ya biyo motarsu da gudu yana kuka. Na ajiye cokali, ban ƙara iya cin tuwon ba.

To masu karatu, in aikinku na riƙe ran mutane ne, kuma aka taru a kanku ana ihu, ku rufe shinge ku duba hannunku tukuna, zagi ba ya kisa. Wanda ya yi kuskure cikin gajiya kuma ku tausaya masa. Ni dai yanzu Badanci ya zauna a bakina, gemuna ya yi fari fat, kuma a iya sanina har yau ban je wurin Baba Maina na dafa masa hannun nan ba. Shi ya sa duk ranar da gyangyaɗi ya ɗauke ni bayan azahar, nakan ce wa Fanna kada ta tashe ni, wataƙila a barcin ne zan je.