Dutsen Gulbi a Murhun Inna

Duk yawon da na yi, daga Agadas har Kumasi, ban taɓa jin ƙarar da ta tsinka mani hanji kamar wadda na jawo da hannuna a tsakar gidanmu ba. Kuma wai magani na zo yi.

Lokacin nan muna jihar Sakkwato, ba a yanke Kabi ba. Ina bin motocin albasa daga Aliero zuwa kurmi, sai in yi wata biyu ban leƙo ƙauyenmu ba, can bayan Alelu. Wata marka na dawo, na sauka Jega, na iso gida ana kiran la'asar. Na shiga masallacin unguwa, sai ga na'ibi a gaba. Baba, wanda tun ba a haife ni ba shi ke limancin masallacin nan, shina can ƙarshen sahu a zaune, shina sallah da nuni. Wallahi ban san abin da na karanta ba.

A gida Inna ta warware mani. Mura ce ta kama shi farkon damina, ta ƙi fita ta hanci, ta taru a goshi da ƙarƙashin idanu. In shina tsaye, da sauƙi. Da ya sunkuya, kamar an kifa mashi turmi a fuska. Murya ta koma cikin hanci, tuwo ba ƙanshi. Wani amininshi Bafillace ya aiko man shanu daga Maiyama, anka ɗiga a hanci, shiru.

"Ya ce in Jumma'a wagga ta zo bai kai goshi ƙasa ba, bar ma na'ibi limanci za shi yi baki ɗaya," in ji Inna. "Wai wanda ba shi iya sujada ba shi jan masu iyawa."

"Sirace hwa, Inna?"

"Hm! Ka san ubanka. Wai abin masu jego na."

Ranar Litinin ce. Na zauna gaban Baba na haɗa mashi gaskiya da 'yar uwarta. Na ce a Kumasi manyan alhazai na gani da idona, sun tuɓe rawani sun shige bargo. Alhaji guda dai na gani, shi ma ba rawani.

"Har malamai?" ya ce, ta hanci.

"Har masu tafsiri, Baba."

Ya daɗe shina murza goshi. "To, gobe. Amma a kulle ƙofar zaure."

Washegari Inna za ta barka Dangamaji. Ta ajiye mani ganyen dogon yaro da tazargade da citta da kanumfari. Aikin ba wuya: a tafasa su a tukunya, a ajiye gaban mutum, a lulluɓe shi da bargo, sannan a gasa dutse ya yi ja a jefa ciki, turiri ya tashi sabo. Tana fita ta ce, "Dutsena na nan gindin murhu."

Na duba dutsen. Ɓallin tsohon dutsen niƙa ne, baƙi ƙirin, bai fi dunƙulen hannu ba. Na ce wanga zai buɗe hancin liman? Ni da na ga duniya? Na sauka gulbi, na tsamo duwatsu uku daga cikin ruwa, masu santsi, kowane kamar zaɓaɓɓiyar albasar Aliero. Har wanke su na yi.

Baba na zaune ƙarƙashin rumfa, tukunya a gabanshi, bargo a kafaɗa. Ya cire hula. Tun da nake ban taɓa ganin tsakiyar kanshi ba sai ranar. Ni kuwa ina bakin murhu ina fifita, duwatsu na ta tsuwa, ina cewa a raina, madalla, sun fara nuna.

Tau!

Ban san na faɗi zaune ba. Garwashi ya watsu ko'ina. Kafin in ce innalillahi, dutse na biyu ya fashe, ɓalli ya sami tukunya ta dare biyu, tafasasshen ruwa ya malalo kan tabarma. Baba, mutumin da ake kama ma hannu ya miƙe, ya yi tsalle guda sai ga shi bayan rumbu. Kaji sunka tashi sama, akuya ta tsinke igiya. A waje ana ihu, "Bindiga! An harbi Liman!" Maƙwabta sunka banke ƙofar zauren da anka ce a kulle, sunka tarar da limaminsu kai ba hula, bargo a wuya, ganyen dogon yaro a gemu.

Sai da ƙura ta lafa na ga abin da har yau in na tuna nake jin jiri. Wani ɓallin dutse mai kaifi ya nutse a ginshiƙin rumfa, bai kai taki guda ba daga inda kan Baba yake.

Cikin haka Inna ta shigo da ƙwaryar barka a kai. Ta dubi murhu, ta dubi ginshiƙi, ta dube ni. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana.

"Kai wanga. Ina ka ɗauko duwatsun ga?"

"Gulbi."

"Gulbi! Dutsen da yas sha ruwa tun kakanninka, shi kas sa wuta? Ruwan cikinshi ta ina za shi hita? Ɗiya mata masu wasan tuwon ƙasa sun san wanga. Duk yawon ga naka, mi kaka koyowa?"

Baba ya sa hula, ya karkaɗe gemu. Bai dube ni ba. Ya ce, "Ba sai Jumma'a ba. A kira mani na'ibi gobe." Da mari ya ba ni da ya fi mani.

Da hantsin Laraba Inna ta ɗora wata tukunya, ta gasa baƙin dutsenta. Ta shimfiɗa tabarma daidai ƙofar ɗakin Baba, ta shige bargo ita kaɗai, ta jefa dutsen. Cuuu, ba harbi. Ta fito tana zufa.

"Malam, shekara nawa nika dahwa maka abinci a murhun ga? Ka taɓa jin ya yi harbi?"

"Asiri dai ya riga ya tonu," ya ce.

"To, mi yar rage?"

Ya shiga. Safe da yamma, kwana biyu, in ya fito ta ɗora mashi tsumma mai ɗumi a goshi, ta ba shi ruwan citta. Ni an hana ni kusantar murhu, aikina tsaron zaure. Abin da ya fito daga hancin nan ranar Alhamis ba zan faɗa ba, wataƙila wani na cin abinci.

Jumma'a da la'asar, an ɗauke ruwa ke nan, Baba ya wuce gaba. Ina bayanshi. Ya yi ruku'u, ya ɗago, ya tafi sujada. Munka bi shi. Shiru. Na yi tasbihi uku, na yi bakwai, na ɓace da ƙirga. Shiru. Wani tsoho ya yi gyaran murya. Zuciyata ta ce shi ke nan, jijiya ta tsinke, na kashe ubana a sujada. Hawaye na zuba cikin rairayi.

"Allahu akbar."

Tangaram, ba ta hanci ba.

A hanyar gida na kasa haƙuri. "Baba, lafiya ka daɗe haka?"

"Ƙasa nika shaƙa," ya ce. "Rabona da ƙanshinta tun shuka." Ya yi taku biyu, ya waiwayo. "Su malaman Kumasi, da dutsen gulbi suka yi?"